A Ina Ka Kwana, Alhaji Jibril?

Alhaji Jibril na Wurno, ƙarya ka yi. Ka yi ta da farin gemunka, da carbi a hannu, a gaban mutanen da suka taru suna yi maka kabbara, kuma ƙaryar ta ƙetaro Chadi ta same ni har tsakar gidana. Ni ce Hannatu 'yar Mairama, ta hilla, wato ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi kudu da Rufa'a a ƙasar Sudan. In sunan ya ɓace maka, ka tuna tagar da ake miƙo maka tuwo.

Sama da shekara hamsin ban taɓa kama sunanka da bakina ba. Malam nake cewa, don mace ba ta kiran sunan mijinta. Yau na kira, kuma zan sake.

Ku da kuke karantawa, ni ban yi makaranta ba. Faɗa nake yi, maƙwabciyata Asabe tana dannawa a waya. Na ce ta sa shi da Hausar da kowa zai gane, amma duk kalmar da ta rage wa zafi ban yafe ba.

Ran Juma'ar da ta wuce ina zaune a kan angarib, gadonmu na igiya, ina yanka kuɓewa zan shanya, sai ga Asabe ta shigo da mayafi a hannu tana dariya.

"Hajja, ajiye wuƙar nan ki ga abin alheri. Wani bawan Allah ne can ƙasar kakanninmu, ya gina wa ɗalibai gidan kwana kyauta. Bene ne, har da fanka."

Ta kanga mini wayar a fuska. Wani tsoho ne cikin farar babbar riga mai aiki har ciki, da rawani, yara sun yi layi a bayansa. Mai tambaya ya ce, Alhaji, me ya ja hankalinka ga wannan aiki? Kafin ya amsa sai ya ɗaga yatsa ya shafa girarsa ta hagu, inda gashi bai fito ba.

Wuƙar ta faɗi daga hannuna.

Ya ce, "Na yi karatu a Sudan shekara huɗu. Ba ni da ɗaki, ba ni da kowa. A barandar masallaci nake kwana, takalmina ne matashin kaina. Tun ran nan na ɗauki alkawari, in Allah ya hore mini, ɗalibi ba zai kwana a waje ba."

Wurin ya ɗauki kabbara. Asabe tana karanta mini abin da mutane suka rubuta a ƙasa: Allah ya saka da Aljanna. Wannan shi ne dattijo. Wallahi na yi hawaye. Wata ma cewa ta yi a sa hotonsa a makarantu.

Na ce, "Mayar da shi baya."

Ta mayar. Na ce ta sake. Sai ta dube ni ta ce, "Hajja, lafiya? Kin san shi ne?"

"Ni na ɗaure masa girar nan da gefen zanena."

Bari in ɗauko muku daga tushe.

Lokacin da mazan hillarmu ke tafiya aikin madatsar ruwa ta Rusairis, ina budurwa, mahaifina ya rasu, daga ni sai Inna a gidan. Ƙanen mahaifina, Baffa Ɗanjuma, shi ne shaihun hilla. Duk baƙon da ya sauka, a hannunsa yake sauka. Wata ranar kasuwa ya dawo daga Rufa'a da wani saurayi a bayan jakinsa, dogo, ramamme, idanu sun faɗa, yana rungume da akwatin ƙarfe kamar za a ƙwace masa.

Daga Nijeriya aka turo shi karatun Larabci a wata makaranta da ke cikin gari. Da ya iso aka ce dakiliya, wato gidan kwanan makarantar, ta cika, 'yan ƙasa ake fara ba wa. Ya koma gidan azzaba na bayan kasuwa, inda tuzurai ke haɗa haya, ana kwana ƙafa a kan wuyan wani, safe wake dare wake. Can zazzaɓi ya kama shi, aka kuma sace masa bargo. Daga nan ne ya koma barandar masallaci. E, ya kwana a can, ba zan yi masa ƙarya ba kamar yadda ya yi mini. Amma ko wata bai cika ba Baffa ya tsince shi yana rawar ɗari a gindin tulunan alwala.

Da yamma dattawa suka taru a ƙofar Baffa. Ni ina bayan danga ina ji. Suka tambaye shi garinsu, ya ce Wurno. Dattawan suka matso kusa da shi. Ku gane, kakanninmu daga wannan yanki suka taso zamanin da Nasara suka ci ƙasar, suka nufi gabas, suka tsaya a nan, ba su ƙara ganin gida ba. Mu da labari muka san shi. Sai ga mutum yana ba su labarin fadamar albasa, da inda ake ƙetare gulbi da rani, da sunan unguwar da kakan Baffa ya fito. Wani tsoho makaho ya ce a miƙo masa hannun yaron, ya riƙe yana sunsuna yana kuka.

Baffa ya ce, "Wanga yaro ba baƙo ba na. Ɗanmu na, ya dawo."

Daga wannan daren babu wanda ya ƙara tambayarsa wane ne ubansa, ko wa ya bari a gida. Sunan gari ya ishe su.

To, a al'adarmu tuzuru ba ya zama cikin gidan da ke da mata. Gidanmu akwai ɗakin mahaifina a gefe, sai Baffa ya sa aka toshe ƙofarsa ta ciki, aka fasa wata ta waje mai kallon hanya. Aka bar 'yar taga ta ɓangarenmu, daidai shigar akushi. Ranar da ake gyaran rufin ne azara ta zamo ta fasa masa gira. Maza suna ta "sannu, sannu," jini na zuba, ni ce na yage gefen zanena na ɗaure masa.

Inna tun ranar ba ta so ba.

"Ɗanjuma, ɗalibi akwatinai ɗaure yake ko da yaushe. Mi za ka aje min shi jikin bango, ga ɗiya budurwa?"

"Bango na tsakani, Mairama. Lada za ki samu."

Bangon bai hana komai ba. Ni ke miƙa abinci ta tagar: kisra, wainar dawa marar kauri, da miyar kuɓewa da rana, tuwon dawa da dare don ya ce kisra kamar takarda yake ci. Da farko hannu kawai nake gani, dogayen yatsu duk tawada. Sai akushi ya fara dawowa da dabino a ciki. Sai sabulu mai ƙamshi. Sai magana.

"Ke mai tuwo, mi ne sunanki?"

"Ba a tambayar sunan mutane ta taga."

"To in zagayo ta ƙofa?"

"Zagayo, Inna na nan da muciya."

Yana yi mini dariya wai Hausata Larabci ya cinye rabinta. Ni kuwa na rama, don labari ya zo mana cewa ya je sayen albasa a kasuwa ya yi wa mai albasa Larabcin littafi, mutumin ya miƙe tsaye ya ɗauka huɗuba aka fara. Na ce, "Malam, jiya nawa ka sayo albasar, ko sai da aka yi salla?" Ya yi dariya har ya ƙware. Ina jin tarinsa ta bango, ni ma na toshe baki da mayafi.

Kada ku ce an yi mini dole. Babu wanda ya yi mini. Ina da manemi a lokacin, Maliki, mutumin Wad Haddad, mai hawasha, gonar auduga ta gwamnati da ruwa ke zuwa mata har gindi. Mutum ne mai kunya, in ya zo zance sai ya yi ta kallon takalminsa yana ba ni labarin tsutsar auduga. Ya kawo wa Inna tob, lulluɓin matan Sudan, ruwan hoda, da kan sukari. Inna ta zaunar da ni.

"Maliki in kin neme shi shekara goma, kan tur'a, bakin magudanar gona, za ki same shi yana buɗe ruwa. Wancan fa? Ina za ki neme shi?"

Na ce, "Inna, ba zai tafi ya bar ni ba."

"Shi ya hwaɗa miki?"

"Ta taga."

Ta tashi ta ci gaba da tankaɗe.

Da Malam ya kai maganar gaban Baffa, dattawa murna kamar salla. Jinin gida zai koma gida. Abu ɗaya ya roƙa: kada a je wurin ma'azun, mai rubuta aure na hukuma, don in labari ya kai ga waɗanda suka turo shi za su ce ya bar karatu ya kama aure, su janye hannu. Wannan roƙo ya yi wa mutanenmu daidai. Mu a lokacin ko ƙofar ofis ba ma son bi. Kana shiga za a ce ina jinsiyyarka, takardar zama ɗan ƙasa, a kira ka Fallata, wato baƙon da ya zo daga yamma, ko da a nan aka binne cibiyar kakanka. Baffa ya ce, "Mu da munka ɗaura auren iyayenmu da Fatiha, mi takarda za ta ƙara muna?"

Aka ɗaura da Fatiha da dabino a ƙofar Baffa. An yi mini dilka da turaren jiki har fatata ta yi kamar ta jariri, lalle har gwiwar hannu, humrar da Inna ta haɗa da kanta duk da ranta ba ya so. Na sa farin tob mai bakin zare ja. Washegari Baffa ya kira magina: aka toshe ƙofar waje, aka fasa tagar nan ta zama ƙofa ta cikin gida. Ni na ɗebo yumɓun daga bakin kogi a kaina, da lallen amarci a ƙafata.

Wannan shi ne barandar masallacin, jama'a. Ɗaki mai daɓe, na shafe bangonsa da farar ƙasa. Angarib da katifar audugar da na tsinto da hannuna a ƙetaren kogi. Matashi biyu masu saƙar tsuntsaye, ba takalmi ba. Randa a kusurwa da ƙoƙo a kai. Allon katako da na roƙi kafinta ya kafa masa don littattafai. Fitilar ƙwai wadda ban taɓa bari ta rasa kananzir ba, ko da mu za mu ci tuwo a duhu. Da safe in ɗora masa jabana, kofi mai citta, in goge jallabiyarsa da dutsen guga na gawayi, ya hau jakin Baffa ya tafi makaranta kamar ɗan sarki. Ya zo mana kamar kara, ya yi kumatu har abokansa na tsokanarsa.

A ɗakin na haihu. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, amma yau dole a rubuta: Mahmud. Kai ka zaɓa, Jibril. Kai ka ɗauke shi ka yi masa kiran salla a kunne, ka tauna dabino ka sa masa a baki, ka ce hancin mahaifinka ne ya ɗauko.

Yaron yana rarrafe Malam ya gama karatu. Muka raka shi bakin kogi da hantsi, inda ake shiga jirgin fito a ƙetara a kama jirgin ƙasa. Na cika masa jaka da busasshiyar kisra da dabino da gyaɗa. Ya tsaya ya shafa girar nan, ya ce:

"Hannatu, abu guda. Kada a buɗe ƙofar waje. Kada a ba wani ɗalibi ɗakina. In je in gyara wuri, kafin auduga ta sake fashewa na zo na ɗauke ku."

Na ce to.

Auduga ta fashe, aka tsince, aka ƙone karan. Ta sake fashewa. Duk ayarin alhazai da ya biyo ta hillarmu daga yamma sai na fita da goyo ina tambaya. Wani ya ce ya ji an ba shi alƙalanci. Wani ya ce a'a, koyarwa yake. Wani ya ce Jibril ai suna da yawa.

Ɗalibai kuwa ba su daina zuwa ba, daga Kano, daga Barno, da akwatunansu na ƙarfe, dakiliya ta cika. Baffa ya zo ya ce a fasa ƙofar waje a sa wani.

Na tsaya a jikin bangon na ce, "Sai dai a fasa da ni."

"Ke, ɗaki na zaune banza, bayin Allah na kwana waje."

"Mai ɗakin ya ce kada a buɗe."

Haka na kori yara marasa laifi suka koma gidan azzaba, ina tsaron ɗakin mutumin da yau yake cewa bai taɓa samun ɗaki ba.

Da yaron ya isa shiga makaranta, Maliki ya dawo. Matarsa ta rasu. Ya zauna a ƙofar gida yana kallon takalminsa kamar da, ya ce in ina so zai riƙe ni da yaron. Inna, tana kwance ciwo ya ci ƙarfinta, ta ce, "Ki je wurin alƙali ya raba ki da iska."

Na je. Na sa tob ɗina mai kyau na shiga kotu. Alƙali ya ce ina takardar aure? Babu. To ina shaidu? Na dawo na durƙusa gaban Baffa.

"Baffa, kai ka ɗaura. Zo ka faɗa da bakinka."

Ya ƙi haɗa ido da ni. "In na shiga, jinsiyya za su fara tambaya ta. Su bincike ni, su bincike hilla duka. Kina so a kwashe mu a lori saboda ke ɗaya?"

"To ku ku raba, tunda ku kuka ɗaura."

"Mu raba auren ɗan Wurno, bai ce ya saki ba? In ya dawo gobe mu ce masa mi? Ki yi haƙuri, ɗiyata. Malami na, ba ya cin amana."

Sauran dattawan kowa ya ce ƙafarsa na ciwo. Maliki ya jira har ya gaji, ya auri wata a Sinnar. Inna ta rasu. Baffa ya rasu. Makahon da ya sunsuni hannunka ya rasu. Duk wanda ya ci dabinon aurena ƙasa ta rufe shi. Na zauna ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba, ni ba mai takaba ba.

Yaron kuma? A hilla ba a ce masa ɗan Jibril. Wad aɗ-Ɗalib ake ce masa, ɗan ɗalibi, kamar ɗalibin ba shi da suna. Kansa irin naka ne, ya ci jarrabawar shiga makarantar gaba da ke nesa da mu. Muka je da akwatinsa. Aka ce ina takardar uba? Babu. Aka ce to ɗan baƙo ne, dakiliya ta 'yan ƙasa ce, ya nemi wurin kwana a gari. Ba mu san kowa a garin ba. Na tsaya a bakin ƙofar makarantar ina kallon tagogin ɗakunan kwana, gadaje a jere, wasu ma babu kowa a kai. Muka juyo da akwatin a kaina. A lori ya sunkuyar da kai har muka iso gida. Daga baya ya zama yaron mota, ya zama direba, yau ga shi da furfura da ciwon sukari, ido ɗaya ya fara dushewa.

Ran Juma'ar nan da la'asar ya shigo gaishe ni, Asabe ba ta kai ga ɓoye wayar ba. Ya karɓa ya kalla a tsaye. Bai taɓa ganin fuskar ubansa da wayonsa ba, ko hoto ba ka bar mana ba. Ya kalli tsohon, ya kai hannu ya taɓa hancinsa. Ya kalla har ƙarshe.

Ya miƙa wa Asabe wayarta, ya zauna a bakin angarib, ya ɗauki kuɓewa ɗaya yana jujjuyawa. Can ya yi 'yar dariya.

"Yumma, ashe a barandar masallaci kika haife ni?"

Dattijo mai jikoki, ya sunkuyar da kai a gabana kamar ranar da muka dawo da akwati.

Asabe ta rubuta a ƙarƙashin hoton cewa akwai mai magana daga Sudan. Wani ya amsa: 'yan damfara sun fara. Wata ta ce, ku ji tsoron Allah ku bar dattijo ya huta. Aka goge abin da ta rubuta. Shi ya sa na sa ta rubuta muku wannan a nata shafin.

Ba na son benenka, Jibril. Ba na son fankarka, ba na son a aiko mini da ko ƙwayar shinkafa. Ɗaliban da ka ba ɗaki, Allah ya sa su ji daɗinsa, ba su yi mini komai ba. Takarda ba ni da ita, shaidu sun mutu, ƙafata ba za ta kai ni Wurno ba. Abin da ya rage mini ɗakin ne. Yana nan. Rufinsa ya faɗi sau da yawa na tayar. Allon littattafanka na jikin bango. In ka tsaya a hanya za ka ga shatin ƙofar da aka toshe, har yau ban bari an fasa ba, don kai ka ce.

Ku mutanen Wurno da Sakkwato, wani a cikinku ya san shi. Wani yana salla sahu ɗaya da shi. 'Ya'yansa na can, masu karatu ne, waya na hannunsu. Ku kai masa wannan, ku karanta masa a kunne in idonsa ya raunana. Ku ce ya shafa girarsa ta hagu ya faɗa muku wa ya ɗaure ta.

Sannan ya sa babbar rigar nan, ya zauna a gaban wayar da ya zauna a gabanta, a gaban mutanen da suka yi masa kabbara. Ni da kai duk mun ga bakin kabari, ba ni da wata audugar da zan jira. Ɗanka na zaune a nan kusa da ni yana saurare.

Shekara huɗun nan, Jibril, a ina ka kwana? Ka faɗa da bakinka.